Ashe ni ne tunkiyar

1/
Zare ne mai tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare 🧵

A zangon da ya wuce malaminmu na adabi ya ba mu aikin gida: mu kwatanta zambon siyasa na tsofaffin littattafai da wanda ake yi yanzu a talabijin. Na rubuta shafi 6, na miƙa, na ci makina lafiya lau. Sai dai akwai abin da na ɓoye ban sa a takardar ba. Shi na zo faɗa.

2/
Bari mu fara daidaita kalma, kar a zo ana musu a ƙasa. Zambo shi ne ka nuna mutum ka siffanta muninsa, kowa ya san da wa kake. Habaici kuwa ba a kama suna, wanda ya tsargu shi ya sani. Akwai gugar zana, akwai shaguɓe, akwai ba'a. Duk wanda aka harba wa mai mulki don a yi masa dariya, shi nake nufi a zaren nan.

3/
Kuma don Allah kar wani ya ce Turawa ne suka koya mana. Tun ba a san akwatin talabijin ba yara ke tashe da azumi suna kwaikwayon manya, 'yan kama na juya karatun malamai ya koma lissafin tuwo da miya, sarki kuma na da wawansa da ke faɗa masa abin da waziri ba zai iya ba. Ko Gizo na tatsuniya, sau nawa ya yi wa Zaki wayo?

4/
Ranar da aka ba da aikin, tun ban fita daga aji ba na yanke hukunci: talabijin ta ci. Wa ke karanta littafi yanzu? Mu da ko bidiyon minti 3 sai mun ja shi gaba. Na ce zan yi rubutuna a kan Kwana Casa'in, in gutsuro sunan wani tsohon littafi daga intanet in liƙa, shi ke nan.

5/
Ga wanda bai sani ba, in ma akwai shi: Kwana Casa'in shirin Arewa24 ne da aka fara nunawa a 2019. An ƙirƙiri wata jiha mai suna Alfawa, da gwamnanta Bawa Maikada, da Malam Adamu wanda talakawa suka ɗora wa buri, da ɗan jarida Sahabi. Ba barkwanci ba ne zalla, wasan kwaikwayo ne na siyasa, amma habaicin da ke cikinsa ya fi na kishiyoyi kaifi.

6/
A gidanmu daren Lahadi ba a aiken yaro. In babu wuta a tada ƙaramin janareta, ko da man na bashi ne. Umma a kan tabarma, ƙannena sun liƙe wa allo, ga matan maƙwabta biyu da goyonsu. Duk sanda Bawa Maikada ya yi alƙawari sai falon ya ɗauka: "Ƙarya yake!" Kamar yana jinmu.

7/
Wanda ya fi kowa dariya shi ne Kawu, ƙanin Umma. Har buga cinya yake yana share hawaye: "Wallahi haka suke! Kamar a gabansu aka rubuta!" Kawun nan fa shekararsa 8 yana riƙe wa wani ɗan siyasa jaka. Shi ke raba ambulan ranar taro. Ya ce mana shi ma Oga ba ya bari shirin ya wuce shi, wai abokin hamayyarsa ake nufi.

8/
A lokacin dariya kawai abin ya ba ni. Ban tsaya na tambayi kaina ba: wane irin zambo ne wanda aka yi dominsa ya fi kowa jin daɗinsa? Ku riƙe tambayar nan, za mu dawo kanta.

9/
Mutum ɗaya ne ba ya shiga kallon: Baba. Yana waje a dakali da rediyonsa. Malamin firamare ne, shekara 35 yana riƙe da alli, ya ajiye aiki, yau shekara 4 ke nan yana zarya a kan kuɗin sallamarsa. Takalmi biyu ya kashe a hanyar ofis, kullum amsar ɗaya ce: a dawo wata mai zuwa.

10/
Da na zo hutu na ce masa, "Baba, ko kuna da wani tsohon littafi da aka yi wa shugabanni habaici? Sunan kawai nake so." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Sunan kawai, ɗan jami'a?" Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ya fito da wani ɗan littafi da bangonsa ya sha liƙi har ya gaji.

11/
Gandun Dabbobi. Bala Abdullahi Funtua ne ya mayar da shi Hausa, aka buga a 1975. Asalinsa Animal Farm na George Orwell, wanda ya fito a Ingila a watan Agusta 1945. Baba ya ce, "Ba na ba da aro sai da sharaɗi. Ka karanta shi duka, ka zo ka faɗa min wa ka gani a ciki." Na ce to, a raina ina cewa dabbobi zan gani mana.

12/
Labarin a taƙaice: dabbobin wani gandu sun gaji da zaluncin mai gandun, Nomau, suka yi masa bore suka kore shi. Suka rubuta dokoki 7 na zaman adalci a bango. Aladu, da yake su suka fi wayo, suka karɓi jagoranci. Ba a jima ba madara ta fara ɓacewa zuwa wajensu, wai ai ƙwaƙwalwarsu ce ke wahala saboda kowa.

13/
Funtua bai tsaya bin kalma da kalma ba, ya ciro gandun ne ya dasa a ƙasar Hausa. Shugaban aladun ya zama Maitumbi. Abokin takararsa da aka kora da karnuka, Ɗantulu. Kakakin gwamnati, mai zaƙin bakin da zai sa ka yarda yunwar da kake ji ƙoshi ce, Karambana. Sunayen kaɗai sun isa zambo.

14/
Shi Orwell da Tarayyar Sobiyet yake: Maitumbi Stalin ne, Ɗantulu Trotsky. Ya gama rubutun a 1944, lokacin Sobiyet na ƙawance da Ingila a yaƙin Hitila, don haka kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓa, har da wanda mawaƙi T. S. Eliot ke wa aiki. Ni kuwa da nake karantawa a zaure da fitilar waya, wallahi ko tuna wani Stalin ban yi ba.

15/
Na fara da nishaɗi, irin na daren Lahadi. Wannan aladen wane ne, wancan wane ne, ina ta raba wa 'yan siyasarmu sunaye. Duk dokar da aladu suka karya, sai a wayi gari an ƙara mata 'yan kalmomi a bango cikin dare, sauran dabbobi su yi ta zargin kansu da mantuwa. Na ce kai, mutumin nan kamar ya zauna a Najeriya.

16/
Sai na iso kan Akawal. Doki ne, nauyin gandun duka a wuyansa yake. Shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen kwanciya, duk abin da ya lalace sai ya ƙara wa kansa aiki. Burinsa ɗaya ne: ya kai shekarun ritaya, a ba shi ɗan fili ya huta kamar yadda aka yi wa tsofaffi alƙawari.

17/
Da ya faɗi a bakin aiki, aka ce za a kai shi asibiti. Motar da ta zo ta masu sayen tsofaffin dawakai su yanka ce. Jaki Aura, wanda ya iya karatu, shi ya karanta rubutun jikin motar, amma kafin a ankara ta ɗau hanya. Kuɗin kuma aladu suka sha giya da shi.

18/
Na rufe littafin. Ta tagar zaure ina jiyo rediyon Baba da tarinsa. Shekaru ina kallon zambon siyasa a talabijin da waya, ban taɓa jin abin da na ji a daren nan ba. Dariyar ta maƙale min a wuya. Na ɗauka iyakar abin ke nan. Ashe na wuce kaina a shafukan baya ban lura ba.

19/
Akwai tumaki a gandun. Ba su da mugunta, ba su da muƙami, ko madarar ba sa sha. Aikinsu ɗaya: an koya musu wani gajeren take, duk sanda wata dabba ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai su ɓarke da shi gaba ɗaya har lokacin magana ya wuce. Da buƙatar aladu ta sauya, aka ware su mako guda aka koya musu sabo, suka ɗauka kamar ba su taɓa yin na da ba.

20/
To ga abin da ban rubuta wa malam ba. Gabanin zaɓen 2023 ina cikin wani guruf na WhatsApp. Kawu ne ya sa ni. Mu wajen 40 ne, yawancinmu ɗalibai. Duk mako a turo mana data, wani lokacin da dubu 3 ko dubu 5 a kai. Ku kuna ce mana 'yan data. Mu muna ce wa kanmu 'yan midiya.

21/
Da safe shugaban guruf zai turo maganar ranar. Mu kwafa, mu ɗan sauya kalma, mu watsa. In wani ya soki Oga sai a jefo rubutunsa a ce, "A je a gaishe shi." Mu tafi mu 40 kamar fari sun ga gero. Ba a ce mu kawo hujja ba, ba a ma ce lallai mu yi ƙarya ba. Hayaniya kawai ake so, har maganarsa ta nutse.

22/
Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Ta sa hoton asibitin unguwarsu, ta yi tambaya ɗaya cikin ladabi: ina maganin da aka ce an kawo? Ko zagi babu. Muka je muka "gaishe ta." Ni na rubuta mata wata baƙar magana da mutum fiye da 200 suka danna wa so, har aka yaba min a guruf. Kafin magariba ta goge rubutun ta kulle shafinta.

23/
Lahadin makon ina falo ina dariyar 'yan koren Bawa Maikada, ina cewa Allah wadaran naka ya lalace. Da datar da aka biya ni na sake kallon wani ɓangaren a waya. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce min "kai fa?" ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

24/
Tun daga daren nan nake juya abin: me ya sa na yi shekaru ina kallo ban kama kaina ba, ɗan siririn littafi ya kama ni a dare biyu? Ga abin da na gano, ku gyara min in na kauce.

25/
Na farko, fuska. Dole talabijin ta ba mugu fuska, da murya, da babbar riga, da irin takunsa. Kana ganinsa ka san ba kai ba ne: ba ka da tumbinsa, ba ka da jerin motocinsa. Sai kallon ya koma cacar "wa ake nufi?" Shi ya sa Oga ke ganin abokin hamayyarsa, shi ma abokin hamayyar na tabbata Oga yake gani.

26/
Tunkiya kuwa ba ta da fuskar kowa. Ba 'yar jam'iyyar kowa ba ce, ba 'yar Kudu ba, ba 'yar Arewa ba. Babu wanda za ka tura wa ita, sai ta tsaya a gabanka tana kallonka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ga shi littafi kai kaɗai kake karantawa, babu falon da dariyar jama'a za ta rufe abin da ka ji.

27/
Dabarar tsohuwa ce. A ƙarni na 8 Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna zuwa Larabci daga tsohon Farisanci: fadar zaki, da diloli biyu, da yadda makircin fada ke raba sarki da amininsa. Abubakar Imam ma a Magana Jari Ce, 1937, a bakin aku ya sa hikimar, har akun ya zama waziri. In gaskiya ta yi zafi sai a ba dabba ta riƙe.

28/
Na biyu, lokaci. Zambon talabijin kamar ƙosai yake, da zafinsa ake ci. Ku nemo wani tsohon shirin Jon Stewart, wanda ya riƙe The Daily Show a Amurka daga 1999 zuwa 2015. Gwani ne, ba musu. Amma rabin barkwancin sai an yi maka bayanin wane sanata ne ya faɗi me a wane mako. Barkwancin da sai an yi bayaninsa kuwa ya riga ya huce.

29/
Baba ya fara karanta Gandun Dabbobi yana ɗalibi a zamanin soja, ya ga masu kaki. Ya sake karantawa a Jamhuriya ta Biyu, ya ga masu babbar riga. Ni na karanta da waya a hannu, na ga guruf ɗinmu. Stalin ya mutu tun 1953, Sobiyet ɗin ma ta ruguje a 1991, har yau littafin bai rasa wanda zai nuna ba.

30/
Akwai wanda ya fi wannan tsufa. A 1729 Jonathan Swift ya fitar da 'yar maƙala a Dublin ba da sunansa ba. Cikin muryar natsattsen masani, da lissafi da komai, ya ba da shawarar talakawan Ailan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu su ci. Babu inda ya nuna wasa yake. Yau kusan shekara 300, amma in ka ji ana lissafin talaka kamar buhun masara a taron manema labarai, muryar nan ce sak.

31/
Na uku, wa ke riƙe da makunni? Shiri na buƙatar tasha, tasha na buƙatar lasisi da masu talla. Bassem Youssef likitan zuciya ne a Masar, ya fara barkwanci a YouTube a 2011, shirinsa Al-Bernameg ya zama abin da miliyoyi ke jira duk mako. A 2013 aka kira shi gaban masu gabatar da ƙara, cikin zarge-zargen har da cin mutuncin Shugaba Mursi.

32/
Bayan soja sun kifar da Mursi ya juya kan masu yi wa sabon mulki kirari. Tashar da ke nuna shi ta dakatar da shirin a ƙarshen 2013, ya koma wata, a tsakiyar 2014 ya fito ya ce an gama, daga baya ya bar ƙasar. Mu ma nan, a ƙarshen 2019 hukumar tace fina-finai ta Kano ta ba da umarnin dakatar da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi, duk da dai sun ci gaba daga baya.

33/
Na waya ma ba su tsira ba. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20-20 da tara da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin ba'a. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Don haka kar a ce ina raina masu yi da fuskarsu a fili. Sun fi ni ƙarfin hali nesa ba kusa ba.

34/
Marubuta ma sun sha nasu. Littafin Chinua Achebe, A Man of the People, labarin Minista Cif Nanga mai ci da hannu biyu, ya ƙare ne da juyin mulkin soja. Ya fito a Janairu 1966, watan da aka yi juyin mulkin da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansu. Wasu suka ce ai da saninsa aka yi. Daga baya sojoji suka shiga nemansa a Legas, sai da ya bar garin.

35/
Kuma kar mu mai da littafi waliyyi, shi ma ana sayensa. Bayan mutuwar Orwell a 1950, hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a ɓoye aka mai da labarin fim ɗin katun a 1954, aka sauya ƙarshensa ya dace da yaƙin cacar baka. Littafin da ya tona asirin farfaganda, shi ma an yi farfaganda da shi.

36/
Na huɗu shi ne amsar tambayar nan ta Kawu. Dariyar mako-mako tana iya zama Panadol: ta kashe zafi, ciwon na nan. Ka yi dariya, ka ji kamar ka rama, Litinin ka koma gidan jiya. Masu neman mulki sun gane haka. A 2015 Donald Trump yana takara ya je ya jagoranci Saturday Night Live, shirin da ke yi masa ba'a. Wanda ya zo ya taya ka dariyar kansa, da wuya ka riƙe shi a zuci.

37/
Wani lokacin ma allon ne ke haifar da mulkin. A Yukren, a 2015, Zelensky ya fito a wani shirin barkwanci a matsayin malamin tarihi da ya zama shugaban ƙasa bayan bidiyonsa yana caccakar cin hanci ya yaɗu. A 2019 ya ci zaɓen gaske da kusan kashi 73 cikin 100, da jam'iyya mai sunan shirin. Mai zambo ya koma kujerar wanda ake yi wa.

38/
To sai ku ce littafi ya ci ke nan? A'a, ku dakata, saura Umma. Umma ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami, amma ba ta yi boko ba. Shekara kusan 30 littafin nan na cikin akwati a ɗakin da take sharewa kullum, bai taɓa ce mata komai ba. Kwana Casa'in kuwa har kan tabarmarta ya same ta.

39/
Ana saura kwanaki zaɓe wasu mata suka shigo mana da taliya da sabulu da turmin atamfa, suna rubuta lambar katin zaɓe. Umma ta bari suka gama bayani, ta ce, "Sannunku da zuwa. Bawa Maikada ne ya aiko ku?" Matan maƙwabta suka kwashe da dariya. Masu rabon suka tattara kayansu suka fice ko sallama babu. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kama sunan kowa ba.

40/
Wannan shi ne abin da talabijin ta iya wanda littafi bai iya ba: a dare ɗaya ta ba unguwa guda suna ɗaya da za su riƙa kiran abu da shi. A ajinmu mun haura 70, malam ya ce wanda ya taɓa karanta Gandun Dabbobi ko na Turancin har ƙarshe ya ɗaga hannu. Hannu 6. 'Yan ajin adabi fa ke nan. Maganin da ke kulle a akwati ba ya warkar da kowa.

41/
Ranar da na mayar wa Baba littafinsa ya ce, "To, wa ka gani?" Na ce, "Ku na gani, Baba. Ku ne Akawal." Na ɗauka zai gyaɗa kai, ko ya yi shiru. Sai ya yi 'yar dariya ya rage muryar rediyo.

42/
Ya ce, "A'a. Akawal karatunsa bai wuce haruffa huɗu ba, shi ya sa ba shi da laifi. Ni Aura ne. Na iya karatu, ni na koya wa rabin unguwar nan. Duk sanda aka sauya rubutun bango na gani. An taɓa sa mu aikin zaɓe, na ga abin da aka yi da alƙaluma, na sa hannu na dawo gida, saboda ina da ku. Yanzu mota ta zo kaina, wa zan yi wa ihu?"

43/
Ban taɓa jin Baba ya yi magana haka ba. Sai ya ce, "Kai fa, ɗan jami'a? Ba ka ga wani ba kuma?" Na ce ban gani ba. Ya daɗe yana kallon wayar da ke hannuna. Ya san ba shi ke sa min data ba, ya kuma san ba ni da sana'a. Ya ce, "To. Allah ya sa ka gani da wuri, ka fi ni." Ya ƙara muryar rediyonsa.

44/
Na nemi shafin matar nan don in ba ta haƙuri, babu shi. In Allah ya sa kina ganin wannan: Hajiya, tambayarki daidai ce, ni ne na yi rashin kunya. Ko bincika zancen maganin ban yi ba kafin in buɗe baki. Ki yafe min don girman Allah.

45/
Me ya sa sai yau nake faɗa? Guruf ɗin ya farfaɗo, 2027 ta matso. Shekaranjiya aka ce kowa ya turo lambar asusu, kuma an ƙara kuɗin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na daɗe ina kallon saƙon. Kuɗin rajista na jirana, Baba ba a biya shi ba, datar da nake rubuta zaren nan ma aboki ne ya yi min. Jiya bayan asuba na fita. Kawu ya kira sau 4 ban ɗaga ba tukuna, kuma na san sai maganar ta kai gaban Umma.

46/
Ba cewa nake ku daina kallo ba, ni ma ba dainawa zan yi ba. Kuma ba na zagin 'yan uwana da suka rage a guruf, na san abin da ya zaunar da su. Abin da nake cewa kawai, in an gama dariyar Maitumbi da Bawa Maikada a ɗan duba can ƙasa, wajen masu tafi da masu shiru. Yawancinmu can muke.

47/
Na sake aro littafin, yanzu ina karanta wa Umma kaɗan-kaɗan bayan isha'i. Mun kai inda aka kori Ɗantulu. Ta riga ta raɗa wa Maitumbi suna Bawa Maikada, ta ce Karambana kuwa ƙaninta ne sak 😭 Da muka zo kan tumaki ta ce, "Allah sarki, su ba su san komai ba." Ban ce uffan ba.

48/
Ba mu kai ƙarshen Akawal ba tukuna. Ina ta tunanin yadda zan karanta mata wurin, ga Baba na jiyo mu daga dakali.

Wanda ya taɓa karantawa ya faɗa min wa ya gani. Ban da aladu, su kowa ya gan su. Sai da safenku.